Ruwan na Allah ne, amma bangon namu ne

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar Magariba, muna zaune a ƙofar gidan kawuna a nan Bur Sudan ana zagayawa da jabana, wato butar gahawa, sai mai ruwan unguwarmu ya tsaya da karonsa, wato keken jaki. Jakin ya gaji, shi ma mai jakin ya gaji. Ya sauke jarka biyu, ya faɗi kuɗinsu, kawu ya riƙe baki. Daga nan hira ta gangara kan Arba'at, madatsar ruwanmu da ta ɓalle a 2024, kamar yadda ta saba duk lokacin da aka taɓo zancen ruwa a garin nan.

Wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda ba ya rasa sahun farko, ya kurɓi gahawarsa ya ce, "Ku bar maganar nan haka. Ruwan Allah ne, wa ya isa ya tare shi?" Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce haka ne, Baba. Aka koma zancen tsadar gawayi.

Ni ban gyaɗa ba. Ban kuma ce uffan ba, don yaro ba ya katse dattijo a gaban jama'a. Amma maganar ta kwana tana cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ga inda na tsaya tun da wuri: ruwan sama na Allah ne, babu mai musu. Bangon da aka gina don ya tare ruwan kuwa aikin mutum ne, da kuɗin jama'a aka yi shi, kuma akwai waɗanda ake biya albashi don su kula da shi. Idan bango irin wannan ya faɗi a kan mutane suna barci, dole a tambayi masu bangon. Duk wanda ya rufe maganar da "ruwan Allah ne" ya wanke masu laifi ke nan, ko da bai yi nufin haka ba.

Ga wanda bai san gabashin Sudan ba, Bur Sudan gari ne da teku ke gabansa, duwatsu ke bayansa, babu kogi. Bahar Maliya ba ta shayuwa, Nilu kuma yana can nesa, ɗaruruwan kilomita. Ruwan shan garin daga kwarin Arba'at yake zuwa, kimanin kilomita 40 daga gari. A can aka gina madatsa a 2003, mai ɗaukar kubik mita miliyan 25, don ta riƙe ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. A daren Asabar wayewar Lahadi, 24 zuwa 25 ga Agusta 2024, ta ɓalle. Shekararta 21 kacal.

Ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 30 suka rasu a ƙidayar kwanakin farko, ƙauyuka 20 suka shafe, gidajen mutum kusan 50,000 suka rushe ko suka lalace. Makarantu 70, rijiyoyin burtsatse 84, dabbobi 10,000 da suka ɓace. Wannan kuma lissafin ɓangaren yamma ne kawai, don a lokacin ruwa ya yanke hanyar gabas.

"Ƙaddara ce"

Wannan ita ce hujjar Baba, kuma ita ta fi nauyi, don haka zan daɗe a kanta.

Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Wanda kwanansa ya ƙare a daren nan, ko a kan dutse yake sai ya tafi. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara tana ɗauke wa mutum hisabi ba. Direban da ya san birkinsa ya mutu, ya ɗebi fasinja daga nan zai hau hawan Aƙaba ya nufi Sinkat, in ya zubar da su a rami, mutuwarsu ƙaddara ce. Amma ba wanda zai ce a sallame shi ya tafi gida don Allah ne ya kashe su. Har shi Baban, in ɗansa na cikin motar, kotu zai nufa.

Kowa ya san labarin balaraben da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wanda ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na Sayyidina Umar. Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da mai raƙuman da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya a bushe: duk inda ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ne, amma mai hankali ya san gefen da zai kai su. Duk makiyayin ƙabilar Beja da ke yawo a duwatsun nan ya fi ni fahimtar wannan misalin.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ma yin wannan tawakkalin a gidajenmu. Shi kansa Baba, na sha ganinsa kafin ruwan hunturu ya sa jikansa ya hau rufi da siminti a kwano, ana bin tsaga ɗaya bayan ɗaya, shi yana ƙasa yana nuni da sandarsa: "Can gefen indararo, yaro, ba ka gani ne?" Bai taɓa cewa a bar tsagar ba, ai ruwan Allah ne. A can ƙasar Hausa ma iyayenmu ba sa jiran saukar damina kafin su yi yaɓe. Sai abin ya zama na hukuma, sai mu ɗauko ƙaddara mu lulluɓe shi da ita.

Wani zai ce ai madatsar Ma'arib ma ta ɓalle, har Alƙur'ani ya ambaci ambaliyarta a Suratu Saba'i. Gaskiya ne, kuma ayar ta faɗi dalili: mutanen sun juya baya, sun butulce wa ni'ima. To a duba tarihin bangon kansa. Madatsar nan ta ƙasar Yaman ta haura shekara 1,000 tana aiki. Ta sha tsagewa, sarakuna suna tara dubban mutane suna gyarawa, har suna rubuta labarin gyaran a jikin dutse. Shi kansa Abraha, mai giwaye, ya bar rubutu a kan gyaran da ya yi mata. Sai da mulki ya raunana, aka rasa mai tara jama'a, sannan ta tafi gaba ɗaya a ƙarni na 6. Mutanen da ba su da katafila ba su da siminti irin namu sun riƙe bango shekara dubu. Namu ko shekarun auren fari bai cika ba. Ni a ganina barin ni'ima ta lalace a hannunka ma wani nau'in butulci ne.

"Yaƙi ne ya jawo"

Wannan ita ce hujjar 'yan boko, kuma akwai gaskiya a cikinta. Tun 15 ga Afrilu 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF, ma'aikatu sun watse, injiniyoyi da yawa sun bar ƙasar, kuɗi ya koma wajen harsashi. Gwamnati ta baro Hartum ta tare a nan, jama'a suka biyo ta. Da garin Madani ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, da Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, 'yan'uwanmu da yawa suka yo gabas. Gidan da ke shan jarka huɗu ya koma neman goma.

Amma a lissafa da yatsu. Gyaran ƙarshe da aka ruwaito an yi wa Arba'at a 2017 ne. Tsakanin 2017 da fara yaƙi shekara shida ce cur. A cikinsu gwamnatin Bashir ta yi sauran kwanakinta ta faɗi a 2019, aka yi ta riƙon ƙwarya, aka yi juyin mulki a 2021. Kowa ya zo ya wuce, bango yana nan yana jira.

Kuma an yi mana gargaɗi a aikace. A ƙarshen Yuli 2020 madatsar Buɗ a jihar Nilu Shuɗi ta ɓalle, ta rushe gidaje sama da 600. Lokacin babu wannan yaƙin. Aka yi jaje, aka kai tantuna, aka manta.

Akwai ma abin da ke ƙara ɗaure min kai. A 2024 babu inda manyan ƙasar nan suka taru kamar Bur Sudan. Ministoci, janar-janar, jakadu, duk ruwan Arba'at suke wanka da shi. Madatsar ba a wani lungun Darfur take ba da za a ce hanya ta yanke. Tafiyar ƙasa da awa biyu ce daga ofisoshinsu. Idan wadda ke bakin ƙofarsu ta kai wannan hali, me ake tsammani game da waɗanda ke nesa da ido?

Laka

Madatsa ba ta mutuwa a dare ɗaya. Irin ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan ba garau yake zuwa ba. Da yashi yake zuwa, da tsakuwa, da laka. In ya iso bayan bango ya tsaya, sai lakar ta kwanta a ƙasa. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. Duk matar da ke da randa ta san wannan: in ba ki juye ta kin wanke gindinta ba, wata rana za ki tarar rabinta taɓo ne. Randa ce a ido, amma cikinta ya zama na tulu.

Haka madatsa take. Takarda tana cewa miliyan 25, alhali wurin da ya rage wa ruwa ya ragu. Ranar da babban ruwa ya zo, sai ya tarar an riga shi zama. In mafitar da aka yi masa ba ta isa ba, ko ƙofofi sun toshe, sai ya hau bango ya fara cinsa. Daga ƙaramar kafa zuwa ɓallewa ba a daɗewa. Bayan abin ya faru, jami'ai da bakinsu suka shaida wa manema labarai cewa bangon ya fara zaizayewa, laka kuma tana ta taruwa a kwanakin da aka yi ana tafka ruwa. To in an ga haka, me ya hana a kwashe mutanen da ke ƙasan kwarin tun rana tana sama?

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a Sudan. Madatsar Khashmul Girba da aka gina a 1964 laka ta cinye mata wuri mai yawa, haka Sinnar da ke tsaye tun 1925. Rusairis ma sai da aka ƙara mata tsawo, aka gama a 2013. Injiniyoyinmu sun san laka kamar yunwar cikinsu. Matsalar ita ce yasar laka ba ta da bikin yanke ƙyalle. Ba a kiran talabijin don an kwashe taɓo. Sabon gini ake ɗaukar hoto a gabansa, shi ya sa kowane mai mulki ya fi son ya kafa tubali da ya riƙe shebur.

Masu cewa sauyin yanayi ne ma ban ƙaryata su ba. Ruwan 2024 ya wuce misali, har wuraren da ke shekara ba su ga hadari ba sun sha ambaliya, garin Tokar ma ya nutse a kwanakin nan. Sai dai wannan hujja a kan masu kula da bango take komawa. In ka san ruwa ya canza hali, kai ma sai ka canza shiri.

"Yanzu ba lokacin tone-tone ba ne"

Kawuna ne mai wannan. Ya ce min, "Ɗana, ƙasa tana cikin yaƙi, mu kuma ka san yadda ake kallonmu. A bar kaza cikin gashinta."

Na fahimci tsoronsa. Bahaushen Sudan ya daɗe yana taka-tsantsan. Kakanninmu sun fi shekara ɗari a nan, garin Mai Wurno kansa bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa shi, amma har yau akwai mai tambayarka asalinka in ka ɗaga murya. Rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Nilu Shuɗi a 2022 bai bar zukata ba. Sai dai ruwa bai tambayi kowa ƙabilarsa ba a daren nan, ƙishirwar da ta biyo baya ma haka. Wanda ke sayen jarka da guminsa yana da bakin tambaya.

Kuma a duba maƙwabta. A Darna ta Libiya, madatsu biyu suka ɓalle a daren 10 zuwa 11 ga Satumba 2023, mutum sama da 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai suka ɓace. Tun a 2022 wani malamin jami'a, Abdulwanis Ashur, ya rubuta cewa in ba a gyara madatsun nan ba za a ga bala'i. Ba a saurare shi ba. Libiya ƙasa ce mai gwamnati biyu, ba ta fi mu zaman lafiya da yawa ba, amma a Yuli 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12, daga shekara 9 zuwa 27. Wata ɗaya ke nan kafin Arba'at.

A tsallaken tekun nan, 'yan'uwanmu na Jidda suna tuna ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009, ana cikin aikin Hajji, wadda ta ci mutum sama da 120. Sarki Abdullah bai tsaya a "ruwan Allah ne" ba. Ya sa a yi bincike, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kasuwa. Ba na jin akwai mai cewa mutanen can ba su san ƙaddara ba.

Kwana 16 bayan Arba'at kuma sai ga Alau ta ɓalle a Maiduguri, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar da ta taɓa yin irin haka a 1994. Na ga hotunan a Facebook, mata da ƙunshin kaya a ka, ruwa iya ƙirji. Na karanta abin da mutane ke faɗa a can, sai na ji kamar a ƙofar gidan kawu nake zaune. Kalma ɗaya, harshe ɗaya.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. A fito da rahoto a fili, da sunan ofishin da alhakin kowane abu ke wuyansa. A sa wa kowace madatsa ranar dubawa, a kuma faɗa wa jama'a abin da aka gani. Kowane ƙauyen da ke ƙasan bango a san wanda zai kira shi in ruwa ya kai wani ma'auni, da dutsen da za a hau. Wannan na ƙarshen ko sisin dala ba ya buƙata. Waya ce da lasifikar masallaci. Sannan bututun Nilu da ake ta yi wa garin nan alkawari tun ina yaro, a daina ɗauko shi sai lokacin neman tafi.

Mu ma da namu. Muna gina gida a cikin kwari don fili ya fi araha, mu ce ai shekara goma ba a ga ruwa a nan ba. Mutanenmu na Kasala sun san halin kogin Gash, amma kullum ana ƙara matsawa bakinsa. Inna tana Mai Wurno, tsakanin Rusairis da Sinnar, na tambaye ta a waya ko an taɓa gaya musu inda za su nufa in wani abu ya faru a sama. Dariya ta yi ta ce, "Kai dai da tambayar 'yan makaranta."

Waɗanda ba a ƙirga ba

Lamba 30 ɗin nan tana damuna. Ƙidayar farko ce, kuma tun a ranar wani daga cikin masu aikin ceto ya ce mutum 150 zuwa 200 ba a san inda suke ba. Ya ce ya ga gawarwakin masu haƙar zinare da tarkacen kayan aikinsu.

Wa ke ƙirga mai haƙar zinare? Yaro ne ya baro Gadarif ko Damazin da jaka ɗaya, ba ya cikin rajistar kowane ƙauye, abokan aikinsa laƙabinsa kawai suka sani. Wa ke ƙirga makiyayin da ya sauka a kwarin da iyalinsa kwana uku kafin ruwa? Akwai wani dattijon Beja da ke kawo mana nonon akuya. Bayan ambaliyar ya ɗauki makonni bai zo ba. Ranar da ya ɓullo, hannu rabbana ya zo. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi gahawa. Ya sha kofi uku bai ce komai ba, sannan ya ɗaga yatsu yana lissafa awakinsa ɗaya bayan ɗaya da kamanninsu, mai farin goshi, mai karyayyen ƙaho. A takarda suna cikin 10,000. A wurinsa su ne abincin yara, su ne sadakin ɗansa, su ne kuɗin asibiti.

Sai kuma mutuwar da ke zuwa a hankali. Bututu ya tafi, rijiyoyi sun rufta, gari ya koma kan tanka da karo. Kuɗin jarka ya yi tashin gwauron zabo. Mai hali ya sayi ruwan da aka tace daga teku, marar hali ya sha abin da ya samu. Duk wannan a watan da ma'aikatar lafiya ta riga ta shelanta ɓullar kwalara, tana ta kisa a Kasala da Gadarif. Na ga mace ta wanke kwanuka da ruwa, ta tace shi ta yi wa yaro wanka, ta tara shi ta kai banɗaki. Yaron da gudawa ta ɗauke a watan Oktoba ba a rubuta shi a lissafin Arba'at ba. Lambunan kwarin da ke kawo wa kasuwarmu tumatir da kuɓewa ma yashi ya binne su, masu su kuma ba su mutu ba balle a sa su a lissafi.

A layinmu akwai wata baiwar Allah da ta yo gudun hijira daga Sinja, tana soya ƙosai da safe. Ɗanta na fari ya tafi haƙar zinare a duwatsun arewa da gari, ya kira ta ana saura kwana biyu ruwan, ya ce in ya samu zai aiko mata kuɗin haya. Ba a ga gawarsa ba, ba a yi masa sallah ba, ba ta yi zaman makoki ba. In mutane suka ce mata Allah ya jiƙansa, sai ta ce, "Allah dai ya bayyana shi." Wayarta tana ƙulle a bakin zaninta. In ta yi ƙara da lambar da ba ta sani ba, barin ƙosan take a cikin mai ta ɗauka.